MAS'ALAR GIYA MAI SAUYA KANTA A MOTAR JEJI

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi a tashoshin mota da rumfunan 'yan kasuwa, tun daga Kano har Damagaram, har Agadas. Gardamar kuwa ita ce, mutumin da ya tara jari, ya ƙudura niyyar sayen motar da za ta bar kwalta ta shiga jeji da kaya, shin wace irin giya ta kamata ya nema? Ta hannu ce, wadda direba ke sauyawa da taimakon kuloci, ko kuwa mai sauya kanta, wadda a ke kira atomatik? Galibin tsofaffin direbobi sun tsaya bisa magana guda, sun ce atomatik giyar birni ce, ta masu zuwa ofis da sassafe, ba ta da abin yi cikin rairayi. Samari kuwa suka ce zamani ya wuce wannan zance. Kowane sashe yana da hujjarsa, kuma hujjar kowa ba ta rasa gaskiya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hirar dandali ce kawai. Motar jeji sau da yawa ita ce dukan abin da falke ya mallaka, wani ma da bashi ya cika kuɗinta. Ban da dukiya kuma akwai rai. A watan Oktoba na shekarar 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace a hanya, ƙishirwa ta gama da su. Ba giya a ke ɗora wa laifin wannan masifa ba, amma ta isa ta nuna cewa a waɗansu hanyoyi tsayawar mota hukuncin kisa ne. Saboda haka duk wani ƙarfe da ke cikin motar jeji ya cancanci a yi masa bincike kafin a biya kuɗi, balle giya, wadda ita ke kai ƙarfin injin zuwa ƙafafu.

Taƙaitaccen bayanin mas'alar shi ne, muddin mota tana da lafiya, atomatik ta fi giyar hannu iya tafiya cikin rairayi da taɓo. Ranar da mota ta lalace nesa da gari kuwa, giyar hannu ta fi sauƙin fitar da mai ita. Mai saye sai ya auna hanyarsa da kayansa da nisansa daga makaniki, ya ga wace rana ce ya fi tsoro cikin biyun nan.

ASALIN ABIN

Dabarar tura ƙarfi ta cikin mai, ba tare da ƙarfe ya kama ƙarfe ba, wani injiniya Bajamushe ne mai suna Hermann Föttinger ya yi rajistarta a shekarar 1905, kuma domin jiragen ruwa ya yi ta. A shekarar 1939 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da giyar Hydra-Matic cikin motocin Oldsmobile, ita ce giya mai sauya kanta ta farko da aka ƙera da yawa don sayarwa ga jama'a. Ba a daɗe ba Yaƙin Duniya na Biyu ya kai Amurka, aka ɗauki wannan giya aka sa ta cikin waɗansu tankokin yaƙi, kamar M5 Stuart da M24 Chaffee. Watau tun tana jaririya ta sha laka da ƙura, tana jan ƙarfe mai nauyin tan goma sha wani abu. Haka nan motar sojan Amurka da a ke kira Humvee, wadda ta fara aiki cikin shekarun 1980, da atomatik aka yi ta tun farko. Wannan kaɗai ya isa raddi ga mai cewa giyar ba ta da ƙarfi.

Amma ƙasashen nan namu da giyar hannu suka saba. Land Rover da ta fara fitowa a 1948, da Toyota Hilux ta 1968, da Land Cruiser samfurin 70 da aka fara a 1984, su ne suka buɗe hanyoyin ƙauyuka da na hamada, galibinsu kuwa da kuloci suka zo. Injin gas mai suna 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, wanda ya fito a 1990, ya zama abin da kowane makaniki daga Maraɗi zuwa Dirku ya san ciki da bayansa. Ashe ra'ayin tsofaffin direbobi ba daga iska ya faɗo ba, sabon shekaru ne.

YADDA TA KE AIKI

A motar giyar hannu akwai faifai tsakanin injin da akwatin giya, shi ne kuloci. In direba ya taka shi sai injin ya rabu da ƙafafu, in ya saki sai su haɗu. Duk lokacin da zai sauya giya dole ya raba su, ko da na ƙiftawar ido ne, a wannan ɗan lokaci kuwa babu abin da ke tura mota sai gudun da ta riga ta ɗauko.

Atomatik ta ainihi ba ta da wannan faifai a wurin tashi. A maimakonsa akwai wani tulu na ƙarfe cike da mai, makanikai suna ce masa kwambata. Misalinsa kamar a cika kwatarniya da ruwa, a ɗora 'yar ƙwarya a tsakiya, sa'an nan a sa hannu a yi ta juya ruwan. Ba da jimawa ba ƙwaryar za ta kama juyawa, alhali hannu bai taɓa ta ba. To, cikin tulun nan akwai fanka guda da injin ke juyawa, tana watsa mai da ƙarfi. Akwai ta biyu da ke fuskantarta, wadda man ke bugu, ita ce a haɗe da akwatin giya. Akwai kuma ta uku ƙarama a tsakaninsu, aikinta ta karkato man da ya dawo, ta mai da shi ya taimaki fanka ta farko maimakon ya yi karo da ita. Albarkacin wannan ta ukun, a lokacin tashi daga tsaye ƙarfin murɗawar injin ya kan ninka wajen sau biyu kafin ya isa giya. In mota ta miƙe bisa hanya mai kyau kuwa, akwai wani faifai da ke kulle fankokin biyu su zama abu guda, don kada a yi asarar mai. Sauyin giya kansa, ƙarfin man da famfo ke turawa ne ke matse waɗansu faya-faye ya saki waɗansu, bisa umurnin ƙwaƙwalwar mota, watau ƙaramar kwamfutar da ke lura da gudu da nauyi da takun totur.

Duk alherin wannan giya da duk sharrinta daga abu biyu suka fito: mai ne ke ɗaukar ƙarfi, kuma famfon da ke tura man injin ne ke juya shi.

INDA TA YI FICE

Wanda ya taɓa bin tuddan rairayi na Yusufari a Yobe, ko hanyar Agadas zuwa Bilma ta cikin Tenere, wadda ta haura kilomita 500, ya san cewa yashi ba ya yafe jinkiri. Mota tana hawan tudu da giya ta uku, ƙarfi ya fara ƙarewa, direba ya taka kuloci don ya koma ta biyu. Kafin ya saki ƙafa yashi ya riga ya cinye gudun, mota ta tsaya. Sai ya ƙara wuta ya saki kuloci da gaggawa, tayoyi su yi ta haƙa har cikin mota ya zauna bisa ƙasa. Atomatik kuwa tana sauya giya ba tare da ta yanke ƙarfi daga ƙafafu ba, tana kuma tashi a hankali, ba fizga, saboda haka taya ba ta saurin tona rami.

Haka al'amarin ya ke cikin damina, a fadamun Haɗejiya da Nguru, da baƙar lakar nan ta yankin Tafkin Cadi wadda ke kama taya kamar danƙo. In mota ta kafe, dabara ita ce a yi ta gaba da baya sannu-sannu har ta sami tudun dafawa. Da giyar hannu wannan aiki kuloci ne ke biyan kuɗinsa, direba yana riƙe da shi rabi-rabi har a ji ƙaurinsa. Kuloci nawa aka ƙone a rami guda cikin yini guda! A mashigin ruwa kuma, tsofaffin direbobi da kansu su kan gargaɗi yaransu kada su taka kuloci a tsakiyar rafi, domin ruwa da laka suna iya shiga tsakanin faifan, ya kama sulɓi. Mai atomatik ba shi da wannan damuwa, sai dai ya lura da 'yar ƙofar shan iska da ke saman akwatin giya, kada ruwa ya kai gare ta.

Akwai wata fa'ida kuma da ta shafi mai mota fiye da direba. Attajiri ba shi ne ke tuƙi ba, yau wannan direba gobe wancan, wani ƙwararre wani ɗan koyo. Giyar hannu tana bayyana hannun kowa, marar gwaninta ya kan kashe kuloci cikin 'yan watanni. Atomatik ta kan rufa wa ɗan koyo asiri, ba ta mutuwa a tsakiyar hawa, ba ta komawa baya da sauƙi in an tsaya bisa tudu, hannuwan direba biyu kuma suna kan sitiyari a wurin da a ke bukatarsu. Mutumin da ya yi sa'a goma yana kokawa da burji da kwazazzabai ya san bambancin gajiyar.

INDA TA KE DA RAUNI

Babban abokin gabar wannan giya zafi ne. Tun da mai ne ke ɗaukar ƙarfi, duk sa'ad da fanka ta farko ta fi ta biyu gudu, bambancin nan zafi ya ke zama. A kwalta faifan kulle ya kan kama, zafi ya kwanta. Amma cikin yashi mai zurfi, mota tana rarrafe da lodi, faifan ba ya samun kamawa, sai a yi ta dama mai kamar ana dama fura. Man giya yana jin daɗin aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. In ya haura 120 ya daɗe a can, sai ya fara ƙonewa, robobin da ke tsare shi su bushe, faya-fayen ciki su kama sulɓi. A tuna kuma zafin rana kansa a Bilma ya kan kai digiri 45 cikin bazara. Sa'an nan akori-kura irin Hilux ko Land Cruiser wajen tan ɗaya masu ƙera ta suka yarda ta ɗauka, kowa kuwa ya san abin da a ke labta mata ranar kasuwar Maigatari ko Illela. Giyar hannu ta kan daure wa zalunci irin wannan har wani lokaci. Atomatik ba ta da wannan haƙuri.

Maganin zafi sananne ne, ba shi da tsada in an gwada shi da kuɗin sabuwar giya. A ƙara wa mota ƙaramin lagireto na man giya a gaba inda iska ke bugu, ban da wanda ta zo da shi. A sa agogon da ke nuna zafin man, don direba ya gani da idonsa. In an shiga yashi mai nauyi a sa giyar ƙarfi ta akwati na biyu, wanda ke raba ƙarfi zuwa ƙafafu huɗu. A Hilux da Land Cruiser tana rage gudu wajen sau biyu da rabi, ta ƙara ƙarfi daidai haka, sai kwambata ta huta. A rage iskar taya don ta shimfiɗu bisa yashi. In fitilar gargaɗin zafin giya ta kama, a tsaya, a mai da giya wurin fakin, a bar injin yana aiki a hankali har fitilar ta mutu. Wanda ya kashe injin nan take ya tsai da famfo, man ya kwanta cikin zafinsa ba ya zagayawa ya huce.

Rauni na biyu a gangara ya ke. Mai giyar hannu in zai sauko daga tsaunin Mambila, ya bar Gembu ya nufi Serti, sai ya sa ƙaramar giya, injin ya riƙe mota, birki ya huta. Atomatik in an bar ta da ra'ayinta ta kan haye babbar giya, mota ta yi ta ƙara gudu, direba ya kwanta bisa birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Wannan ba aibi ne marar magani ba, gama galibin atomatik suna da wurin da a ke tsare su a giya ta ɗaya ko ta biyu, waɗansu sababbin motoci ma suna da na'urar da ke riƙe su a gangara. Sai dai dole a zaɓi ƙaramar giyar tun a bisa tudu kafin a fara sauka, kuma dole a koya wa direba, domin da yawa sun ɗauka atomatik ba ta bukatar a taɓa ta sam.

Rauni na uku shi ne wanda ya fi nauyi ga mai tafiyar hamada. In batir ya mutu ko abin tada injin ya ƙi, motar giyar hannu a kan tura ta ta tashi, musamman mai tsohon injin irin 1HZ wanda ba ya bukatar wutar lantarki mai yawa. Atomatik ta zamanin nan ba ta tashi da turi, ko da mutum ɗari suka taru, domin famfonta ba ya juyawa sai injin yana aiki, in babu ƙarfin mai kuwa babu abin da ke haɗa ƙafafu da injin. Saboda wannan dalili ne kuma ba a janta tafiya mai nisa da ƙafafunta a ƙasa, gama kayan ciki za su yi ta juyawa ba mai. Sai an kwance sandunan furofela, ko a bi abin da littafin motar ya ce game da akwati na biyu, ko a ɗora ta bisa janwe. Ina janwe a tsakiyar Tenere?

Ga kuma zancen gyara. Faifan kuloci abu ne da a ke ɗauka cikin akwatin kayan aiki, makanikin ƙauye ya kan sauya shi a gindin bishiya. Giyar hannu in haƙori guda ya karye ta kan tafi da sauran, gwanin direba ma ya kan kai mota gida ba kuloci, yana daidaita sauyi da ƙarar injin. Atomatik kuwa waya guda in ta tsinke, ko wata 'yar na'ura mai auna gudu ta lalace, ƙwaƙwalwa ta kan kulle ta a giya guda don ta tsare kanta, kuma ba a gane ciwon sai an jona na'urar bincike. Buɗe cikinta yana son wuri mai tsabta, domin ƙwayar yashi guda tana iya toshe hanyar mai. Masu wannan sana'a suna manyan garuruwa, ba su zango.

BA DUKA SU KE ƊAYA BA

Dillalai su kan kira duk motar da ba ta da abin taka kuloci atomatik, alhali kuwa iri huɗu ne, kuma mai saye ya wajaba ya rarrabe su. Na farko shi ne mai kwambata da aka bayyana a sama, shi ne ya dace da jeji. Na biyu a ke kira CVT, ba shi da haƙoran giya daki-daki, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin gargare biyu. Yana da tsimin mai a ƙananan motoci, amma ba ya son lodi da kafewa. Na uku mai kuloci biyu ne, a ke kira DCT, yana da saurin sauyi bisa kwalta, amma rarrafe cikin taɓo ya kan zafafa faya-fayensa. Na huɗu giyar hannu ce tsantsa, sai dai kwamfuta ce ke taka kuloci ta sauya. Irinta ce a manyan motoci da yawa na zamani, kamar I-Shift da kamfanin Volvo ya fito da ita a 2001. Wannan tana da kyau a doguwar hanya, amma tun da kuloci ne a cikinta, ta kan yanke ƙarfi lokacin sauyi kamar ta hannu. Mai babbar motar da aikinta ɗibar yashi ne a rafi, ko shiga gonaki da damina, in atomatik ya ke so, sai ya nemi mai kwambata, irin wadda kamfanin Allison na Amurka ya shahara da ƙerawa.

Sa'an nan a duba ko motar tana da giyar ƙarfi ta akwati na biyu. Motoci da yawa suna da tsawo da manyan tayoyi da kamannin motar jeji, har ma ƙafafunsu huɗu suna ja, amma ba su da ita. Atomatik marar wannan giya, in ta shiga yashi da kaya, kwambata ce kaɗai za ta ɗauki wahalar duka, ƙarshenta kuwa ƙonewa.

SHARUƊƊAN SAYEN TA HANNU

Tun da galibin 'yan kasuwa motar da aka yi amfani da ita su ke saye, ga abin da ya kamata a bincika, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko a dubi man giya. Mai lafiya ja ne garau ko ya ɗan yi duhu. In ya yi baƙi yana ƙauri, faya-fayen ciki sun ƙone. In ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, ko daga rafi, ko daga lagireton da ya fashe ta ciki, ko kuwa motar tana cikin waɗanda ambaliya ta cinye a ƙasar da aka ɗauko ta. Wannan a bar ta ko nawa aka rage, araha ba ta ado. Sababbin giyoyi da yawa ba su da sandar auna mai, sai makaniki ya kwance ƙusa daga ƙasa. Kada wannan ya hana a duba. In mai sayarwa ya yarda a sauke farantin ƙasa, a dubi maganaɗisun da ke ciki: laushin ƙura baƙa ba laifi, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli alamar ciwo ce.

Na biyu, kada a yarda da gwajin zagaya fili sau ɗaya. Giya marar lafiya ta kan ɓoye ciwonta tana sanyi. A yi tafiyar rabin sa'a har ta yi zafi, a hau tudu, a tsaya, a sa ta gaba, a sa ribas. In ta yi jinkiri kafin ta kama, ko ta kama da bugu, ko ƙarar injin ta tashi gudu bai ƙaru ba, to, akwai magana. A gwada giyar ƙarfi da jan ƙafa huɗu a ƙasa mai laushi. A kuma jona na'urar bincike, a hannun makanikin mai saye, ba na dillali ba.

Na uku, a san irin man da giyar ke sha, a tabbata ana samunsa na ƙwarai a garin da motar za ta zauna. Dexron dabam, T-IV na Toyota dabam, WS dabam, na CVT kuma dabam. Launinsu yana iya zama ɗaya amma aikinsu ba ɗaya ba ne, jabu kuwa ya yi yawa a kasuwa. Maganar da a kan yi cewa wai waɗansu giyoyi ba a sauya musu mai har abada, ba ta shafi motar da ke ɗaukar buhuna cikin ƙura da zafi ba. Masu ƙera motocin da kansu sun ware ƙa'ida dabam ga aiki mai tsanani cikin littattafansu, ita za a bi.

Na huɗu, a guji ƙara wa mota tayoyin da suka fi nata girma ƙwarai don ado. Babbar taya tana sa giya ta ji kamar kullum hawa ta ke yi, zafi ya ƙaru.

HUKUNCI

In an tattara bayanin nan, masu saye sun kasu. Falken da hanyarsa ta ratsa hamada, inda a kan yi kwana biyu ba a ga gari ba, inda kayan gyaran da a ke samu a zango na Land Cruiser mai tsohon injin ne, giyar hannu ta fi masa, ya nemi direban da ya san yashi, ya riƙe faifan kuloci na ajiya. In kuwa dole ne ya bi da atomatik, kada ya tafi shi kaɗai ba ayari, ya ɗauki batir na biyu da wayoyin jona wuta da galan na man giya.

Ɗan kasuwar da ke zagaya kasuwannin ƙauye, wanda duk inda motarsa ta tsaya bai fi tafiyar yini guda zuwa Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba, kuma direbobinsa suna sauyawa, atomatik mai kwambata da giyar ƙarfi ta fi masa riba, da sharaɗin ya ƙara mata lagireto, ya kuma tsare ma'aunin lodi. Wanda ya san ba zai iya hana kansa ko yaransa ninka kaya ba, gara ya zauna bisa giyar hannu, ya riƙa biyan kuɗin kuloci, ya fi masa sauƙi bisa ga sayen sabon akwati. Mai bin tsaunuka kuwa ko wacce ya ɗauka za ta yi, muddin an koya wa direba sauka da ƙaramar giya.

Saura abu guda da ya kamata manyan 'yan kasuwa su sa a gaba. Masu ƙera motoci suna janyewa daga giyar hannu. Tsohuwar Land Rover Defender an daina yin ta a 2016, wadda ta gaje ta kuwa da atomatik mai giya takwas kaɗai ta zo. Land Cruiser 300 ta 2021 manyan injunanta da atomatik mai giya goma a ke haɗa su. Har samfurin 70, wadda direbobin hamada ke tinƙaho da ita, a 2023 an fito da ita da injin gas mai lita 2.8 da atomatik mai giya shida. Motocin da a ke ƙerawa yau su ne na hannu da za su cika kasuwanninmu nan da shekara goma. Raunin atomatik mafi girma a ƙasashen nan kuwa ƙarancin masu gyara ne da kayan gyara a nesa da birane, wannan ko abu ne da kuɗi da niyya ke magancewa. Ƙungiyoyin direbobi da attajirai masu motoci da yawa, in suka ɗauki nauyin samari su koyi buɗe wannan giya da karanta na'urar bincike, suka kuma zaunar da su a garuruwan bakin jeji da kayan aiki da mai na ƙwarai, sun tsare jarinsu da rayukan fasinjojinsu. Allah ya kiyaye hanya.